Injin Baba Ya Je Jos Ya Dawo

Bari in fara da gyara maganar da ke yawo a layinmu a Barnawa. Ba sayar da injin Baba muka je yi a Jos ba, kuma ba sabuwar gwamnatin farar hula ce ta kira shi karɓar lambar yabo ba. Gidan tarihin kimiyya da ƙere-ƙere muka kai shi, muka kuma dawo da abinmu. Ga yadda aka yi, don in huta da tambaya.

Baba makanike ne a masaƙa a Kakuri kafin a sallame su. Lokacin da wuta ta zama sai an ga dama, ya haɗa injin markaɗe da ƙashin tsohon keke: ka hau ka yi ta taka feda, tattasai na zuba. Babban wilin da ke juya shi da katako ya sassaƙa, bel ɗin kuma tsohon tiyub ne. Wani Malam Gyang, ma'aikacin gidan tarihin, ya gan shi da ya zo biki unguwarmu, ya ce a kawo, za su ajiye shi da sunan Baba a jiki. Tun da aiki ya ƙare ban ga abin da Baba ya sa a rai kamar sunan nan ba.

Mu kuwa ba ma kai wa manya abu da datti. Baba ya sayo wilin ƙarfe da sabon bel a kasuwar Panteka. Fentin kore da fari ni na shafa, kada in ɗora masa shi kaɗai. Tsohon katakon da tiyub na miƙa wa Mama, ta ce, "Yawwa, na samu iccen suyar gyaɗar Juma'a."

Alhamis: Barnawa zuwa Kachia

Biyar da minti goma na asuba muka fita, shida saura kwata muna tasha a Sabo. Direban fijon ya zagaya injin sau biyu.

"Baba, wannan kujera biyu ne."

"Ai a but zai zauna."

"To but ɗin ma nawa ne."

Aka biya. Ba mu cika ba sai bakwai da rabi, ina ta huci ni kaɗai. Bayan Kujama muka tarar da shinge. Da sojoji ne a wurin, yanzu ɗan sanda ne mai tumbi. Ya ɗaga buhun da muka rufe injin da shi, ya ga feda.

"Ina takardun keken nan?"

Na ce, "Oga, in ka ga taya a jikinsa ka kama mu."

Baba ya take min ƙafa. Ɗan sandan ya ce, "Tun da aka yi zaɓe kowa ya yi baki. Ku je."

Tara da minti ashirin muna Kachia. Na sha koko da ƙosai huɗu. Baba bai ci komai ba, yana gadin but.

Kachia zuwa Bukuru

Muka bi Zonkwa, muka bi Manchok, muka fara hawan dutse fijo na nishi, ƙeyata na karo da sirdin keke a kowane rami. Ɗaya da rabi muka sauka a Bukuru gidan Anti Ladi, ƙanwar Baba. Ta yi mana gwaten acca. Sanyin garin ya sa na kwana da suwaitar mijinta.

Juma'a: gidan tarihi

Tara daidai muna bakin ƙofa, Baba cikin kwat ɗinsa ta coci. Na ɗauka tarkace zan gani, tarkacen kuwa na gani, amma an jera su yadda kowanne ke nuna maka wanda ya haife shi. Zuga-zugin maƙera da murhun narka tama, sai kan jirgin ƙasa ɗan ƙarami na zamanin haƙar kuza, sai garmaho, sai tarho mai wainawa, sai tafireta. Na ga dutsen guga na gawayi cikin gilashi, irin wanda na goge kwat ɗin Baba da shi shekaranjiya. Na ce ashe mu ma a gidan tarihi muke zaune ba mu sani ba.

Baba bai ji ni ba. Yana tsaye gaban wata tsohuwar masaƙa, hannunsa a aljihu yana laluben ɗan gwangwaninsa na man inji. Na nuna masa allon da ya ce kada a taɓa.

"Ta bushe ne, Rifkatu."

"Ba taka ba ce."

Malam Gyang ya fito da fara'a. Baba ya yaye buhun. Fara'ar ta tsaya.

"Baba, ina wanda na gani a Barnawa?"

"Shi ne wannan, Yallaɓai. Gyara shi na yi."

"Ina wilin katako?"

"Wannan abin kunyar? Na cire."

Malam Gyang ya shafa sabon wilin. "Wannan kamfani ya yi shi, kowa na iya saye. Katakon ne hannunka. Shi nake so yara su gani, su san mutum ya rasa ƙarfe bai zauna ba. A haka ba zan iya rubuta sunanka ba."

Baba ya cire hula ya riƙe.

Na ce, "In mun dawo da shi yadda yake fa?"

"Har da dattinsa. Wurinsa na nan."

Na kalli agogon bango: goma da rabi. Mama ƙarfe biyar take hura wutar gyaɗa, kuma ba mu da waya a gida.

Jos zuwa gida

Ko sallama ba mu koma yi wa Anti ba. Sha biyu saura muka samu mota. A Kachia direba ya ce zai tsaya cin tuwo, na ce ya ci a Kaduna, tuwon ba ya gudu. Ya ce da Baba, "Wannan 'yar taka soja ce?" Ya dai tsaya. Shida saura ashirin muka shigo layinmu, ƙamshin gyaɗa ya tare mu tun daga kwana. Na bar Baba da inji na ruga.

"Mama, ina katakon?"

"Babu gaisuwa?"

"Ina wuni. Ina katakon?"

Ta ci gaba da juya gyaɗarta. Sai da Baba ya shigo yana haki ta ce, "Yana ƙarƙashin gado. Abin da ya biya makarantar yarinyar nan zan sa a wuta? Ku ne dai marasa kunya. Tiyub ɗin kam na kunna wuta da rabinsa."

Baba ya zauna a kan turmi yana dariya har da hawaye. Mama ta ƙara da cewa in za a rubuta suna a rubuta biyu, don ƙafarta ce ta taka fedar nan duk shekarun.

Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da Anti Ladi, wadda suwaitar mijinta ke jikina har yanzu. Gobe zan kankare fentin da hannun da ya shafa shi, Baba ya mayar da wilinsa, mu ɗaura rabin tiyub ɗin da ya rage. Litinin ni kaɗai zan koma Jos. Baba ya zauna gida, don na ga yadda yake kallon masaƙar nan.