Watan da Babu Sunan Inna a Rosta

Har yau warin maganin goge daɓe na asibiti ɓata min rai yake yi. Da na shaƙe shi sai in ga kaina a barandar ƙaramin asibitin garinmu, can wajen Zagga, ina 'yar aji huɗu, Inna na tsaye a bayana.

Inna ta yi shekaru tana shara a wurin, tana kuma riƙe mata masu naƙuda. Matan da ke ƙetaro iyaka daga Benin, waɗanda ba su jin komai sai Dendi, ita ke faɗa wa malaman asibiti abin da ke damunsu. Boko kam ba ta yi ba. Duk farkon wata akan liƙa wata takarda mai layi-layi, ɗauke da sunayen ma'aikata da ranakun aikinsu, ana ce mata rosta. Ni ke karanta mata.

Na taɓa tambayar mai ba da magani, wani dattijo ɗan kudu, ma'anar kalmar. Ya ce Turawan Ingila ma aro ta suka yi wajen mutanen Holan, sunan ragar ƙarfen gasa nama ne, don layukan takardar sun yi kama da ita. Da na ba Inna labari har da riƙe ciki don dariya.

Wata damina, ana tsakiyar dashen shinkafa, na bi takardar da yatsa daga sama har ƙasa sau uku. Babu Inna. A gurbinta sunan ƙanwar sabon shugaban asibitin ne.

"Yaushe nika shiga aiki, ɗiyata?" in ji ta.

Na ce Litinin.

Ranar Litinin ta yi sammako. Shugaban ya karɓe tsintsiyar daga hannunta a gaban mata masu awon ciki, ya ce, "Ke ba a karanta miki ba ne?"

Ta ce, "An karanta mani. Ni ce ban ji daidai ba."

Sau uku tana zuwa ofishinsa neman dalili. Kullum amsa ɗaya: rosta daga sama take zuwa. Wace sama? Kowa ya gan shi yana ja wa takardar layi da biro a kan teburinsa. Inna ta koma gona, ana kuma aikowa a ɗauke ta idan haihuwa ta zo da gardama, har daga Kurgu.

Yanzu ni ma ma'aikaciyar jinya ce. Rosta a waya take iso mana, ba ka ma san ƙofar wa za ka tsaya ba in an cire ka. Inna ta rasu bara waccan. Ta tsufa a ɗakina, mun yi hirar duniya kala-kala, amma ko sau ɗaya ba ta tambaye ni abin da ya sa na ce mata Litinin ba.