Jan Biron da Na Soke In Sha Allah da Shi

Shekarar da na gama makarantar horon malamai ban samu aiki ba, sai na buɗe ajin Turanci na manyan mata a garejin gidanmu a Gyadi-Gyadi, bayan la'asar. Lokacin ina ji da kaina, ga zafin rai, ga jan biro da ba ya rabuwa da hannuna.

A cikinsu akwai wata dattijuwa mai sayar da kunu a Tarauni, ta haife ni nesa ba kusa ba, Inna nake ce mata. 'Yarta ta yi wata biyu kwance a asibiti, ita kuma so take ta riƙa gane abin da likitoci ke faɗa a kanta.

Ranar da muka zo kan yadda ake maganar abin da za a yi nan gaba, na ce kowa ta rubuta jimla biyar game da gobenta. Jimla ɗaya kacal Inna ta iya haɗawa, cewa gobe 'yarta za ta dawo gida. Turancin bai da aibu ko kaɗan, sai dai ta liƙa in sha Allah a ƙarshe. Na ce ba a sa wannan a jarrabawa. Ta ce ita tun da ta yi wayo ba ta taɓa ambaton gobe tsirara ba. Matan suka yi dariya, ni kuwa raina ya ɓaci, na ja jan layi biyu a kai. Ta daɗe tana kallon layin, har na ji garejin ya yi mini sanyi.

Washegari ta riga kowa zuwa, ba ta ko zauna ba. Ta ce zazzaɓi ya dawo wa yarinyar da asuba, an fasa sallamarta. Ta buɗe littafin a gabana.

"Malama, mayar min da shi. Da hannunki."

Na ɗauki biron nan da na saya shekaranjiya, ya ƙi rubutu. Na karta shi a bango, na hura masa numfashi, ko ɗigo. Tsoro ya kama ni sosai. Ta miƙo min guntun fensirinta. Ina kan harafi na uku wayarta ta fara ƙara a cikin jaka, ta katse, ta sake farawa. Na ɗago kai.

"Ƙarasa tukuna," in ji ta.

Na ƙarasa. Sannan ta ɗauki wayar, ta saurara, ta ce innalillahi a hankali. Ta rufe littafin, ta tura min shi kan tebur, ta gyara mayafinta.

"Ba laifinki ba ne, Malama."

Ban tambaye ta ba ai. Littafin yana cikin akwatina har yau, kuma ban sake buɗe shafin ba.