Magini da Ƙanensa Mai Bene

Magini ya girmi Auta da shekara tara, kuma shi ya fara saka masa cokalin gini a hannu. Ba a je ko'ina ba aka gane hannun Auta ba na siminti ba ne. In ya jera bulo biyar, uku sai sun karkace. Amma wajen baki ba a magana. Idan mai gida ya zo duba aiki, kafin Magini ya goge hannu ya gaishe shi, Auta ya riga ya zagaya da mutumin, yana nuna masa inda falo zai zauna da tagar da rana za ta leƙo da safe, har mutumin ya tafi yana murmushi alhali ginin ko taga bai kai ba.

"Wannan ƙanen naka ya san aiki," haka masu gida ke cewa.

Magini yakan ce, "Haka ne," ya koma ya warware bulon da Auta ya karkata.

Bayan shekara biyu Auta ya ajiye cokali ya shiga dillancin filaye, da wani tsohon babur da jakar takardu a hammata. Magini ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wa matarsa yaron ya samo wa zaman banza sabon suna. Sai ga shi Auta ya lallaɓa wani tsoho mai gona a bayan gari, suka yanka gonar fuloti-fuloti. A shekarar aka ja titi ta gefen wurin. Kafin damina ta zagayo babur ya zama mota, Auta kuma ya daina sayar da filin wasu, ya fara gina gidaje yana sayarwa tun ba a rufa su ba.

Gidaje huɗu na farko Magini ne ya gina su, daga harsashi har rufi, ba inda igiya ta kauce. Ranar da aka kafa allon talla a bakin titi ya tsaya yana kallo. Hoton Auta ne, ya harɗe hannu a ƙirji, gidajen suna bayansa. Magini ya daɗe a tsaye, kamar mai neman wani abu a jikin allon, sannan ya hau kekensa ya tafi.

A gida ma bai tsira ba. Inna, mahaifiyarsu, tana nan a tsohon gidan da Magini ke yi wa yaɓe duk shekara ba tare da kowa ya ambata ba. Da Auta ya aiko da tayil aka shimfiɗa mata a ɗaki, duk baƙuwar da ta shigo sai Inna ta ja ta ta nuna mata.

"Autana ne ya sa mini. Taka ki ji sanyi."

Kwana biyu Magini ya yi a durƙushe yana shimfiɗa tayil ɗin, har gwiwarsa ta kumbura. Bai taɓa tuna mata ba. 'Ya'yansa kuwa, da sun ji ƙarar motar Baba Ƙarami, kamar yadda suke kiransa, sai su watsar da abin da ke hannunsu su yi waje. A gari an daina cewa Auta, an koma cewa Mai Bene. Shi kuma Magini, da ya kwashe shekara ashirin ana kiransa da sana'arsa, ya zama "yayan Mai Bene".

Abin da ya fi ci masa rai shi ne Auta bai taɓa wulaƙanta shi ba. Da ya yi masa girman kai ko sau ɗaya ne, da Magini ya sami abin riƙewa. Ranar da ya fara zuwa ofishinsa, mai ƙofar gilashi da sanyi kamar cikin randa, ya tarar da ƙananan gidajen kwali a cikin akwatin gilashi, har da itatuwan roba. Sakatariya ta dubi takalminsa da ya sha siminti ta ce, "Wa za a ce?"

"Ki ce magini ne."

Auta ya fito da kansa, ya kama hannunsa da hannu biyu. "Yaya, kai ne za ka zauna a nan kana jira? Ofishinka ne fa." Ya juya wajen ma'aikatansa ya ce, "Wannan shi ya koya mini komai."

Magini ya koma gida ya kasa cin abinci. Matarsa ta tambaye shi ko an yi masa wani abu, ya ce ba a yi masa komai ba, kuma gaskiya ya faɗa.

Babban aikin ya zo ne a shekara ta goma sha ɗaya da ajiye cokalin Auta. Auta ya sayi wurin tsohon kududdufin da ke tsakiyar gari, wanda aka daɗe da cike shi da shara da yashi. Injiniya ya zana bene hawa huɗu. Ana cikin haƙa sai wani mai gine-gine ya ta da hawa shida a ɗaya gefen titin, Auta ya ce nasa bakwai zai zama. Injiniyan ya yi gardama, aka sallame shi, aka kawo wanda ba ya gardama. Magini kuma aka ba shi shugabancin masu jera bulo.

Ya san wurin nan tun suna yara. Ranar da aka gama haƙa harsashi ya sauka cikin ramin. Ƙasar baƙa ce, da leda da tsumma a cikinta, ruwa na tsattsafowa ta gefe. Ya ɗauki guntun rodi ya soka, rodin ya shige har ƙarshe ba tare da ya sa ƙarfi ba. Ya fito ya sami Auta a jikin mota yana waya.

"Ƙasar nan ba ta da ƙwari," in ji shi, da muryar da ko leburan da ke kusa bai ji ba.

Auta ya toshe wayar da tafin hannu. "Akwai injiniya, Yaya. Kar ka damu kanka."

Motar ta tashi. Magini mutum ne da ke iya tara unguwa da faɗa a kan bulo ɗaya da ya karkace. Yana iya riƙe ƙofar motar, yana iya zuwa wajen Inna, wadda Auta bai taɓa tsallake maganarta ba. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ce wa kansa ai ya faɗa, nauyi ya sauka daga wuyansa. A can ƙasan ransa kuwa akwai wani ɗan daɗi da bai yarda ya dube shi ba.

Ya yi aikinsa tsaf, hawa bakwai, kowane layi a miƙe. Aka yi fenti, aka sa fitilu, mutane suka tare. Daga ko'ina a gari ana hango benen, kuma duk safiya Magini na hango shi daga ƙofar gidansa.

A damina ta biyu ƙofofin hawa na farko suka fara ƙin rufuwa. Wata mata ta ce in ta zubar da ruwa a kicin sai ya gangara lungu ɗaya. Daga nan tsaga ta bayyana a bangon baya, siririya kamar zare. Auta ya kira yayansa ya toshe ta. Bayan mako guda ta dawo, wannan karon yatsa na shiga. Magini ya tsaya a gindin bangon, ya ɗaga kai ya ga kayan yara a shanye a barandar hawa na biyar.

Bai nemi izinin kowa ba. Ya bi ƙofa-ƙofa yana bugawa, yana cewa kowa ya kwashe iyalinsa ya fita yau. Wasu suka zage shi, wani ya ce ai an san baƙin ciki yake yi da ƙanensa. Bai tsaya musu ba. Kafin la'asar benen ya zama kango. Kwana tara bayan haka kusurwar baya ta zauna, rabin matakala ta rufta. Ko kaza ba ta mutu ba.

Sauran ya zo da sauri. Hukuma ta shafa jan fenti, katafila ta yi kusan mako uku tana rushewa, jama'a na tsaye suna kallo kamar wasa. Waɗanda suka sayi gidaje suka kai ƙara, waɗanda suka yi niyyar saye suka janye. Ofis ya tafi, motoci suka tafi, gidan da Auta ke ciki ma ya tafi. Ya kwaso matarsa da 'ya'yansa uku suka dawo ɗakuna biyu a gidan Inna.

Kwana biyun farko Magini ya ji jikinsa sakayau. Ya ci abinci har ya nemi ƙari, ya yi wa matarsa barkwanci, ta dube shi ta kau da kai, kunya ta kama shi. Ya ɗauka daga nan ciwon da ya daɗe yana ji a rai game da ƙanensa ya warke. Sai masu jaje suka fara zuwa. Tun safe har yamma takalma ne jibge a ƙofar gidan Inna, har da mutanen da Auta ya taɓa yi wa alherin da Magini bai sani ba. Shi da ya fitar da gida ashirin da takwas daga bakin mutuwa, sai dai a ce masa, "Sannu, yayan Mai Bene, ya haƙuri?" Ya ji wani dattijo na cewa, "Ko ba komai ya taɓa gina hawa bakwai a garin nan." Inna kuwa ba ta ci ba ta sha sai ta ga Autanta ya ci.

Wata yamma Magini ya je gyara mata bututun ruwa, ya sami Auta zaune a kan bulo a tsakar gida, ya rame, riga ta yi masa yawa.

"Yaya, ka faɗa mini fa," in ji Auta. "Ni ne ban saurara ba. Ka yafe mini, na ɓata maka aiki."

Magini ya ci gaba da murɗa bututun. Maganar ta zo masa baki, cewa ya faɗa ne yadda ba za a ji ba. Ya haɗiye ta.

"Ya wuce," ya ce. "Miƙo mini sifana."

Auta bai sake gina ko ɗaki ɗaya ba. Bayan shekara guda ya koma nuna wa mutane filaye a bayan gari, a ƙafa, yana samun na cefane. Magini na nan da cokalinsa, aiki ma ya ƙaru masa, don an ce shi ne wanda ya gane bene zai faɗi.

Ranar da babban ɗansa ya gama makaranta, Magini ya saya masa sabon cokali da ma'auni, ya ajiye masa a kan tabarma. Saurayin ya juya su, ya yi godiya, sannan ya sunkuyar da kai.

"Baba, ni wajen Baba Ƙarami nake so in koyi harkar filaye. Na riga na yi masa magana, ya ce sai ka yarda."

Magini ya gyara zama.

"Mutumin da ko babur ba shi da shi?"

"Zai sake tashi, Baba. Kowa na faɗa."

Magini ya dubi ɗan nasa, ya ga yadda idonsa ke ƙyalli. Tsohon ciwon ya motsa a daidai inda yake motsawa.

"To, ka je," ya ce. "Ka gaishe shi."

Ya kwashe cokalin da ma'aunin ya zuba a buhun kayan aikinsa, ya ɗaure a bayan keke. Akwai katangar wani mai shago da ya yi alkawarin gamawa ranar.