Mai Walda a Tashar Bas

Shekara guda da gama yaƙin duniya na biyu, kullum Wendell mai jarida yana ganin ta a tashar bas ta Detroit: dattijuwa mai jan ɗankwali, hannuwanta duk tabon tartsatsin walda. A zatonsa jirage take ƙerawa, kafin sojoji su dawo a ba su aikinta.

Motar ma'aikata takan tsaya.

"Mama, yau ma ba za ki shiga ba?" in ji direba.

"Wuce abinka, ɗana. Ai mun ci yaƙin."

Tana nan kan benci har sha biyu. Da jiniyar masana'anta ta yi kuka, sai ta buɗe kwanonta ta hau cin burodi hannu baka hannu ƙwarya, kada hutun rabin awa ya ƙare mata.