Akoli Mai Hoto da Mijin 'Yarsa

Shekarar da na gama lakkwal, wato makarantar boko, a Yamai na dawo Agadas, hankalina bai zauna ba. An yi zaɓe, an kama wasu abokan karatuna, wasu sun gudu. Ko kamiyo, babbar motar kaya, ya tsaya a ƙofar gidanmu sai in leƙa in ga ko ni aka zo kamawa. Wurin da nake samun sauƙi shi ne kantin Muktari, mutumin Damagaram, mai sayar da sukari da ganyen shayi, a lungu guda kuma takardar hoto da ruwan wanke ta. Can na san Akoli.

Asalinsa mai lambu ne a duwatsun Azbin. Da rijiyarsa ta ƙafe, ya bi wani Bature mai auna ƙasa yana ɗaukar masa kaya. Baturen ya koya masa hoto, da zai koma gida ya bar masa tsohon akwatin ɗaukar hoto mai ƙafa uku. Tun daga nan Akoli yake kafa shi a gindin katangar kasuwa. Ba shi da gaggawa. Yakan sa a sha shayi kafin a zauna, wai mutum mai ƙishi ba ya kyau a takarda.

Wata safiya ya shigo kantin bai nemi shayi ba. Ya ce Turawa masu neman duwatsu a arewa, wajen Arlit inda ba gari sai fili, suna son mai nuna hanya. Intala, mijin 'yarsa Mina, ya san ƙasar, ga shi fari ya cinye awakinsa. Amma sai da kati mai hoto, fuska a buɗe, kuma motocin jibi za su tashi. Akoli ne kaɗai mai hoto a garin. Intala kuwa, bisa al'adarsu, ba zai sauke amawali ya buɗe baki gaban surukinsa ba, ko abinci ba ya ci a gabansa.

Muktari ya ce, "To Baba, ka rufe ido mana."

"In rufe ido in ɗauki katanga? Kai Badamagare, shi ya sa shayinku ruwa ne."

"Ai cikin baƙin ƙyallen akwatin kake shiga, ba ya ganinka."

"Ni ina ganinsa. Ya kuma san ina ganinsa."

Muktari ya hau kan buhu ya sauko da wani abu da ya daɗe ba a taya ba: dogon tiyo na roba mai ƙwallo a baki. A haɗa shi da akwati, a matse ƙwallon daga nesa, akwati ya ɗauka. Akoli ya matsa shi a kunnensa, ya sake matsawa, ya yi dariya, ya ce a naɗe masa.

Ni aka zaunar a kujera aka daidaita akwatin, don tsawonmu ɗaya da Intala. Na tashi, Intala ya zauna. Akoli ya ja tiyon ya koma bayan katanga, ya ba mu baya.

"Mina, ki ce wa mutumin nan kada ya motsa."

Intala ya sauke amawalin, har kunnuwansa suka fito fili. Mina ta yi tari alamar an shirya, Akoli ya matse ƙwallon.

Wankin ma Mina ce ta yi, ubanta yana waje yana faɗa mata lokacin da za ta tsamo takardar. Hoton ya ɗan karkace. Ni na raka Intala ofis. Ma'aikacin ya dubi takarda, ya dubi mutum, ya buga hatimi. Ranar tashi Intala ya hau motar gaba.

Da yamma Akoli ya zo kantin, Muktari ya zuba masa shayi. Ya juyo wajena.

"Ɗan lakkwal, kai ka gani. Aikina ya yi kyau?"

Na ce ya yi, sai dai kunne ɗaya ya fita daga takardar.

Ya kurɓi shayinsa ta ƙarƙashin amawali, ya ce, "Ɗaya ya ishe shi jin Bature."