Ba Mikail, Mai Zalɓen Ƙarfe na Bulumkutu

Da an idar da sallar asuba, Ba Mikail Gana yakan dafa bango ya lallaɓa filin da ke bayan gidansa a Bulumkutu, ya bi ƙere-ƙerensa ɗaya bayan ɗaya yana shafawa. A da da ido yake gaishe su, yanzu sai da hannu. Hasken walda na shekara talatin ya cinye masa gani.

Ɗan masunci ne daga Baga. Da rana ƙofa da taga yake haɗawa, da yamma kuma ya tattaro sarƙar babur, salansar mota da farfelar fanka ya ƙera abin da ya baro a bakin tafki: zalɓe, gauraka, giwan ruwa. Babu ko ɗaya da ya yi wa kai. Tun farko limamin unguwa ya ce masa, "Mikail, siffar mai rai ba taka ba ce." Ya ce, "Na ji, Malam." Sai ya riƙa ɗora famfo ko giyar mota inda kai zai zauna. Haka suka fito rabi tsuntsu rabi inji, kowanne da aikin da ya raya masa: wannan zai tatso gajimare, wancan zai kira tafki ya dawo.

Mun yi masa dariya, har da ni. Amma Malama Ketura, da ke kai ɗalibanta wurin, ta ce ta ga wata tsohuwa 'yar gudun hijira ta rungume kifin ƙarfen nan tana kuka, tana kiran sunan ƙauyensu.

Filin dama ba nasa ba ne, yanzu mai shi ya sayar. Ranar Juma'a 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, za su zo da sikeli. 'Yarsa Kaltum ta bi ofisoshi neman inda za a ajiye ƙere-ƙeren har takalminta ya tsinke, amsar ɗaya ce: a dawo gobe. Abin da ciwo, wallahi, da kunya.

Jiya ya tambaye ta, "Kaltum, zalɓen nan Baga yake kallo?"

"Ba, ai ba shi da kai."

"Ni ma ba ni da ido, amma na san inda take. Juya shi."

Ta juya shi.

Ba Mikail, kai ne ka ajiye mana tafki a cikin bola, muka wuce muna toshe hanci. Na Baga, mai raya abin da aka yar, mun gode. Godiyar ta makara, mun sani. Allah Ya saka maka, Ya haskaka abin da ya rage.

Masu walda, ku je ku ga abin da hannu ke iyawa. Mai tsakar gida ko harabar makaranta, ya ɗauki Keke Napep ya je ya roƙi ko da tsuntsu ɗaya. Har ranar Alhamis sunansa zalɓe. Daga Juma'a kilo ne.