Zagaye na Bakwai

Ko da tsufa zai kwashe min komai daga kai, har in manta inda na ajiye haƙoran robana, ba na jin zai iya ɗauke ranar da na shiga siyasar Ostiraliya tsakanin Safa da Marwa.

Sama da shekara talatin ina tura keken alhazai a Makka. Karatuna bai wuce izu biyu ba, boko kuwa ko ƙofar aji ban leƙa ba. Iƙama, wato takardar izinin zama, ba ni da ita, kuma tunda uwata ta haife ni ban taɓa dangwala wa kowa ƙuri'a ba. Sai dai baki. Wannan kam Allah ya ba ni, har a unguwarmu Rusaifa in ana musu aka hango ni tafe sai a ce a tashi, mai shari'a ya iso.

Wani maƙwabcina ne ya haɗa ni da baƙinsa da suka zo Umra: wani likita Bakatsine da ya daɗe a Ostiraliya har ya zama ɗan ƙasa, da matarsa, da mahaifiyarsa da suka ɗauko daga gida. Tsohuwar ce zan tura. Muna gama ɗawafi, kafin mu fara sa'ayi, ta kamo bakin rigata.

"Malam mai keke, ka ji. An yi min aiki a gwiwa. Tun daga lokacin kullum da sanda nake zaga tsakar gida saboda wannan rana. Shida ka tura ni. Na bakwai ka sauke ni, da ƙafata zan taka inda Nana Hajara ta taka. Ban san ko zan sake zuwa ba."

"Hajiya, an gama. Ni da nake ƙirga zagaye ko ina barci?"

Mun yi na farko lafiya, kowa da addu'arsa. A na biyu ne likita ya ce wa matarsa, ƙasa-ƙasa, suna komawa Ostiraliya ƙuri'a na jiransu, shi dai a'a zai dangwala. Ita ta ce to ita e. Kunnena ya miƙe. Na ce, "Likita, zaɓen gwamna ne?"

Ya yi min bayani. Wai a can akwai mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar, masu asalin wurin. Ana so a tambayi jama'a duka ko a rubuta a tsarin mulki cewa waɗannan mutane su sami wata majalisa tasu da za ta riƙa gaya wa majalisar dokoki ra'ayinsu kan abin da ya shafe su. Shi yana ganin tsarin mulki bai kamata ya ware wasu da asali ba, kowa ɗan ƙasa ne, kuma ba a fayyace yadda abin zai yi aiki ba. Matar ta ce an shekara da shekaru ana yanke musu hukunci ba a tambaye su ba, ga asibitocin yankunansu nan shi ma ya gani da idonsa.

A lokacin na ɗauka Ostiraliya unguwa ce a bayan Landan. Wannan bai hana ni ba.

"Likita ya yi gaskiya," na ce. "Gida ɗaya ba a yi masa maigida biyu."

Da muka juyo na ga fuskar matar ta ɗaure, kuma na lura jakar kuɗin a hannunta take. Na gyara murya. "Amma Hajiya ƙarama ma tana kan hanya. Ka tarar da mutum a ɗakinsa, ka hau gadonsa, sannan ka ce ba zai yi tari ba?"

Haka na riƙa yi. In mun nufi Safa ni ɗan a'a ne, in mun nufi Marwa ni ɗan e. Ina ihun "Ɗariƙ, ya hajji, ɗariƙ!" a ba mu hanya, ina dawowa kan tsarin mulki. Likita yana cikin harami, ya san ba wurin jayayya ba ne, sau biyu yana cewa, "Baba, mu bar shi sai mun fita." Ni na hana maganar mutuwa. Har na buga ƙirji na ce, "Ku tsaya, ni na san abin da mutanen nan suke so." Mutanen da ko hotonsu ban taɓa gani ba.

Ana cikin haka na ji tsohuwa ta ce, "Malam."

"Na'am Hajiya, shuwayya, ɗan dakata."

Can ta sake jan rigata. "Malam mai keke."

"Haƙuri Hajiya, yanzun nan. Ai Likita, inda kuka yi kuskure..."

Muka iso Marwa, na taka birki. Sai na farga ban san ko zagaye na nawa muke ba. Likita ya ce biyar ne. Na ce kamar bakwai. Matar ta ce ita tun na uku lissafi ya ɓace mata. Sabon musu ya tashi. Likita ya duba agogo yana kwatanta mintuna, ni ina auna gajiyar cinyata, har na tare wani Bature mai harami ina tambayarsa ko ya lura sau nawa muka wuce shi. Mu uku a tsaye a kanta, muna ta magana ta saman kanta.

Sai ta ɗaga gefen mayafinta. Ƙulli bakwai, a jere.

"Kowane zagaye na ɗaure ɗaya," ta ce. "An gama. Tun a Safa nake kiranka."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ɗora hannu a kan gwiwar tana shafawa, ta kau da kai wajen masu wucewa. Likita ya durƙusa yana "Inna, ki yafe mana." Ni kuwa, mai shari'ar Rusaifa, na sunkuyar da kai ina murza hannun keke.

Umrarta ta cika, wannan ba shakka. Amma abin da ta yi watanni tana shiri dominsa ni na tura shi ya wuce. Na ce, "Hajiya, gobe in kai ki Tan'im ki ɗauki niyyar wata Umra. Turin duka a wuyana."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Da sharaɗi. Kana da asuwaki?"

"Ina da shi."

"Ka sa shi a baki tun daga mota. In ya faɗo, na fasa."

Washegari haka na yi ɗawafi da zagaye shida da itace a baki kamar akuya ta saci rake. Abokan sana'a suna gaishe ni, ina ɗaga musu gira. Wani ya ce, "Yau an sa wa rediyo takunkumi!" Na haɗiye. Likita da matarsa suna biye da mu. A Safa ta ɗaga hannu, na tsaya. Ta dafa ɗanta ta miƙe, ta karɓi sandarta. Tafiyar da nake yi cikin 'yan mintuna ta kusa cinye mana rabin sa'a, tana tsayawa tana hutawa, ni ina biye da keke babu kowa a ciki. Da ta taka Marwa ta ɗaga hannu tana kuka, muƙamuƙina yana ciwo, ni ma na ji hawaye.

Daga baya maƙwabcina ya ce min masu a'a ne suka yi rinjaye a can. Ban ce masa komai ba, har ya tambaya ko ba ni da lafiya. Wa ya fi gaskiya tsakanin likita da matarsa, wallahi har yau ban sani ba, ba kuma ni zan sani ba. Abin da na koya bai kai tsarin mulki girma ba: in ana magana a kan mutum yana zaune a wurin, a sunkuya a tambaye shi tukuna. Yanzu duk wanda ya hau kekena, ya ja rigata sau ɗaya, birki nake takawa, ko da ina tsakiyar gyara duniya.